Gwanjon Gidajen da Haraji ya Ci: Abin da Za Mu Sani Kafin Mu Ɗaga Hannu

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da ma'ajiyan ikilisiyoyinmu na masu jin Hausa mazauna Amurka, an buga shi bisa ga roƙon waɗanda ba su sami zuwa ba.

 

Dalilin wannan magana shi ne, a cikin 'yan watannin nan mutum huɗu dabam dabam sun same mu da tambaya iri ɗaya. Sun ga wani a intanet yana nuna gida mai ɗakin kwana uku, yana cewa dala 3,000 ya saye shi a gwanjon haraji, duk mai son sanin sirrin kuwa ya biya kuɗin kwas. Biyu daga cikinsu da kuɗin kansu suke so su shiga. Na uku yana so a juya adashin zumuntar maza zuwa wannan harka. Na huɗu kuwa, dattijo ne da muke girmamawa, ya kawo shawara a taɓa asusun ginin majami'a, a juya shi shekara guda ya haihu. Mu ba dillalan gidaje ba ne, makarantar tauhidi muka yi. Amma da yake maganar ta kai ga asusun ikilisiya, ya zama mana dole mu zauna mu karanta dokokin, mu je gwanjon da ƙafafunmu mu gani, mu kuma tambayi lauya. Abin da muka samo ke nan muke kawo muku.

Da farko, abin gaskiya ne, ba damfara ba ce. A ƙasar nan kowane gida da kowane fili yana da haraji na shekara shekara, wanda gunduma, wato abin da suke kira kaunti, take karɓa don makarantu, da hanyoyi, da 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana. Yawancinmu mun taso da tunanin cewa in ka biya kuɗin gida ka karɓi takarda, magana ta ƙare. A nan ba ta ƙarewa. Ko ka gama biyan banki shekara ashirin da suka wuce, in ka daina biyan haraji, ranar tana zuwa da gunduma za ta sa gidan a kasuwa don ta fid da kuɗinta. Farashin da ake buɗe gwanjon da shi yawanci bashin harajin ne, da tara, da kuɗin ruwa, da abin da aka kashe wajen sanarwa. Daga nan ne labarin arahar ya samo asali.

Amma kowace jiha da dokarta, kuma nan ne masu sayar da kwas suke saurin wucewa. A waɗansu jihohi ba gidan ake sayarwa ba, bashin ake sayarwa: kai ka biya wa mai gida harajinsa, a ba ka takardar shaidar bashi, shi kuma ya biya ka da ruwa. A waɗansu, gidan kansa ake sayarwa, a ba ka takardar mallaka ta haraji. Fulorida ta haɗa duka biyu. Harajin da ba a biya ba har 1 ga Afrilu ya zama bashi, kafin 1 ga Yuni a yi gwanjon takardun bashin, ana farawa daga ruwa kashi 18 cikin 100 ana saukowa, wanda ya yarda da mafi ƙarancin ruwa shi ya ci. Sai bayan shekara biyu mai riƙe da takardar zai iya neman a sa gidan a gwanjo, kuma magatakardan kotu ne ke gudanar da shi. Wanda ya ci sai ya ajiye kafin alƙalami na kashi 5 cikin 100 ko dala 200, duk wanda ya fi yawa, ya cika sauran cikin awa 24. Ba bashin banki, ba "a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata". In ka kasa, kafin alƙalaminka ya tafi. A Kalifoniya gidan zama sai ya shekara biyar cikin bashi kafin a sayar, kuma ikon mai gida na fansa yana ƙarewa tun kafin ranar gwanjon.

Teksas ce ta fi shafarmu, don 'yan'uwanmu da yawa suna Houston da Dallas. Can ana gwanjon ne ranar Talata ta farko a wata. Za a ba ka takardar mallaka, amma mai gidan yana da ikon fansa. In gidan da yake zaune ciki ne mai rajista, ko gona, yana da shekara biyu. In ba haka ba, kwana 180. In ya fansa cikin shekara ta farko, zai mayar maka da kuɗinka da ƙarin kashi 25 cikin 100. A shekara ta biyu, kashi 50. A misali, ka saya dala 20,000, bayan wata biyar ya zo da dala 25,000, gidan ya koma hannunsa ko kana so ko ba ka so. Riba ce mai kyau, ba mu musanta ba. Amma wanda ya yi gaggawa ya zuba dala 30,000 ya sake kicin da bayan gida, ya yi wa wani ado ne, gama doka ba ta tilasta a biya shi sai abin da ya kashe don kiyaye gidan daga lalacewa. A Jojiya fansar wata 12 ce da ƙarin kashi 20 cikin 100, kuma ko bayan wata 12 ɗin ikon ba ya mutuwa da kansa, sai ka bi hanyar doka ka aika sanarwa ka rufe shi.

Bari mu ɗan ratse. Da muka fara cin karo da kalmar fansa a cikin dokar haraji, sai muka tuna da Littafin Firistoci sura 25, inda aka ba wanda ya sayar da gidansa a birni mai garu shekara guda cur ya fanshe shi. Ba mu ce 'yan majalisar Teksas daga can suka ɗauko ba. Abin da muka lura kawai shi ne, tun zamanin dā mutane sun gane cewa wanda talauci ya raba da muhallinsa ya cancanci a bar masa ƙofa a buɗe na ɗan lokaci. Za mu komo kan wannan.

To, me mutum yake saya in ya ci gwanjo? Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma wannan kasuwa kusan duk cinikinta haka yake. Gunduma ba ta ba da tabbacin kome. Ba ta ce akwai gini a kai ba, ba ta ce rufin yana nan ba, ba ta ce akwai hanyar shiga ba. Ba ka da iko ka shiga gidan ka duba kafin gwanjo, don har ranar na mai shi ne, shigarka laifi ne. A shekarar 2019 jaridu sun ba da labarin wani mutum a gundumar Broward ta Fulorida wanda ya biya dala 9,100 ta intanet yana tsammani ya sami gida a garin Tamarac. Ashe abin da ya saya wani siririn fili ne mai faɗin ƙafa 1 da tsawon ƙafa 100 tsakanin gidaje biyu, wanda aka yi wa kima dala 50. Hoton gidan ya gani, bai karanta bayanin filin da lambarsa ba. Wani ɗan'uwa a cikinmu, wanda ya ba mu izini mu faɗa ba tare da sunansa ba, ya sayi fuloti da ya yi kyau a taswira, da ya je sai ya tarar kududdufi ne da aka haƙa don ruwan unguwa. Yau shekara uku yana biyan harajin kududdufi, ba mai saye.

Na biyu, takardar ba ta wanke dukan bashi. Gaskiya ne sau da yawa jinginar banki tana faɗuwa in an yi gwanjon haraji bisa ƙa'ida. Amma a Fulorida bashin da gari ko gunduma ke bin gidan, kamar tarar ciyawa da ba a yanke ba ko kuɗin rushe kango, yana bin sabon mai shi. In kuma hukumar harajin tarayya ta IRS tana bin mai gidan, tana da kwana 120 ta fanshi gidan daga hannunka, in kuwa ba a sanar da ita kafin gwanjon yadda doka ta ce ba, bashinta yana nan daram a kan gidan. Duk wannan a rubuce yake a ofishin ajiye takardun gunduma, kyauta ne a duba, amma sai mutum ya zauna ya bi shi shafi shafi.

Na uku, kuma shi ne wanda ya fi ba mu mamaki, takardar tana iya rushewa saboda kuskuren da ba kai ka yi ba. Misalin da ya kamata kowane ma'aji ya sani ya shafi wata hukumar aikin bishara. Hukumar Mishan ta Mennonite a garin Elkhart na jihar Indiyana ta sayar wa wani gida a 1973 bisa jingina ta dala 14,000. Mai sayen yana biyan hukumar wata wata, amma ya daina biyan haraji, ita kuwa ba ta sani ba. A 1977 gunduma ta sayar da gidan dala 1,167.75. An buga sanarwa a jarida, an manna a kotu, amma ba wanda ya aika wa hukumar wasiƙa. Ba ta ji labari ba sai 1979, bayan shekara biyu na fansa sun wuce, tana bin sauran fiye da dala 8,000. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1983 kuwa kotun ta ce sanarwar jarida ba ta isa ba ga mai jingina da aka san sunansa da adireshinsa. A 2006, a wata shari'a daga jihar Akansas, kotun ta ƙara da cewa in wasiƙar rajista ta dawo ba a karɓa ba, dole hukuma ta ƙara wani ƙoƙari kafin ta sayar. Ku duba abin ta gefen mai saye: ya biya kuɗinsa, ya riƙe takarda, shekaru suna tafiya ana shari'a a kansa. Saboda irin wannan ne kamfanonin inshorar mallaka ba sa saurin amincewa da takardar haraji. In ba inshora, banki ba zai ba mai saye daga hannunka bashi ba, wato ba za ka iya sayarwa da farashin kasuwa ba sai ka shigar da ƙarar tabbatar da mallaka a kotu, abin da ke cin watanni da kuɗin lauya. Wannan kuɗi bai cika fitowa a lissafin masu kwas ba.

Gida mai kyau na dala 3,000 kuwa, a gwanjon da muka halarta ba mu gan shi ba. Yawancin gidajen kirki masu su sukan biya bashin kafin ranar, a cire su daga jerin. Waɗanda suka rage, kamfanoni masu lauyoyi da ma'aikata ne ke ja, har farashin ya kusa na kasuwa. Abin da ya faɗo hannun baƙo da araha, ya kamata ya tambayi kansa dalilin da ya sa waɗanda suka shekara goma a wurin suka bar masa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu ga abin da ya fi yi mana nauyi a zuciya. Gidan wa yake kaiwa gwanjo? Ku lura, mai bashin banki ba ya cika zuwa nan, gama banki yakan haɗa harajin cikin biyan wata wata ya biya da kansa don ya tsare jinginarsa. Gidan da ke kaiwa gwanjo sau da yawa wanda aka gama biya ne: na tsohuwa da mijinta ne yake kula da takardu har ya rasu, na tsohon da mantuwa ta kama, na magada da iyayensu suka tafi ba wasiyya. A 2013 jaridar Washington Post ta ba da labarin wani tsohon soja mai ciwon mantuwa a Washinton wanda ya rasa gida na dala 197,000 a kan bashin haraji na dala 134. A Mishigan wani mutum ya rage dala 8.41 a harajinsa, gundumar Oakland ta sayar da gidan dala 24,500 ta riƙe duka, sai a 2020 Kotun Ƙolin jihar ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. A Detroit, bincike ya nuna kusan kadara ɗaya cikin huɗu a birnin ta shiga ƙwacen haraji tsakanin 2011 da 2015, wani binciken jarida na 2020 kuma ya gano an ɗora wa masu gidaje harajin da ya wuce ƙa'ida da aƙalla dala miliyan 600 tsakanin 2010 da 2016. Wato akwai waɗanda aka fitar daga gidajensu a kan bashin da tun farko bai kamata ya kai haka ba, yawancinsu kuwa baƙar fata ne kamar mu.

Shari'ar Geraldine Tyler ce ta sauya al'amarin a ƙasar duka. Tsohuwa ce a Minneapolis, mai shekara 94 a lokacin shari'ar. Harajinta na asali kamar dala 2,300 ne, da tara da ruwa ya kai dala 15,000. Gundumar Hennepin ta sayar da gidan dala 40,000 ta riƙe rarar dala 25,000. Ranar 25 ga Mayu 2023 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka yi baki ɗaya cewa hukuma tana da ikon karɓar bashinta, amma abin da ya haura na mai gida ne. Muna so iyayenmu mata su riƙe wannan: in an taɓa sayar da gidan wani naku a gwanjo, a je ofishin gunduma a tambayi rarar, da wuri, don akwai wa'adi. Akwai masu buga waya suna cewa za su karɓo muku ita a ba su kaso mai tsoka, alhali sau da yawa takarda ce da mutum zai iya cikawa da kansa.

Shin haramun ne Kirista ya shiga wannan gwanjo? Ba mu ce haka ba. Haraji hakki ne, makarantar da 'ya'yanmu ke zuwa da shi ake biyan malamanta, kango da aka yi watsi da shi kuma gara a sami mai gyara. Amma akwai bambanci tsakanin fili da ba kowa a kai da gidan da labule ke rataye a tagarsa. In akwai mutane a ciki, kai ne za ka kai su kotu, kai ne za ka tsaya a bakin titi ranar da ake fito da katifarsu. Ra'ayinmu, kuma mun san akwai waɗanda ba za su yarda ba, shi ne ɗan ikilisiyarmu kada ya fara daga nan, kada ma ya ƙare a nan. A gundumar Beaufort ta Karolaina ta Kudu, inda jama'ar Gullah, jikokin bayin da aka 'yanta, suke riƙe da gonakin kakanninsu, an san wata al'ada a wurin gwanjo: magaji ya miƙe ya ce wannan filin gado ne, a roƙi sauran su janye hannu don iyalin su fanshi abinsu. Ba doka ba ce, akwai masu yin kunnen ƙashi, amma da yawa sukan janye. In baƙi za su iya wannan, mu bai kamata a roƙe mu ba. Wanda kuma ya saya a Teksas ko Jojiya, ya shiga da niyyar cewa in mai gida ya zo fansa zai karɓe shi da fuska a sake, ba ya ɓoye masa ko ya ƙi ɗaukar waya har wa'adi ya cika ba.

Ga wanda har yanzu yake da niyya, shawararmu ba ta da yawa. Ya zaɓi gunduma ɗaya, wadda zai iya tuƙi ya je ya dawo a yini, ya karanta ƙa'idarta a shafinta na hukuma. Ya halarci gwanjo uku hannunsa a aljihu, yana rubuta farashin buɗewa da na rufewa. A kowane jeri ya ɗauki biyar ya bi su: lambar fuloti a taswirar mai kimanta haraji, basussukan da ke kai, ko yankin ambaliya ne, ko an yarda a yi gini, sa'an nan ya je ya tsaya a bakin titi ya gani da ido. Ya biya lauyan gidaje na jihar awa ɗaya, ya fi masa kwas na dala dubu. Ya rubuta iyakar abin da zai taya tun daga gida, bayan ya cire kuɗin lauya, da inshora, da harajin shekara mai zuwa, ya nuna wa matarsa, in an wuce wannan lamba ya sauke hannu. Kuɗin kuwa ya zama nasa, wanda in ya nutse ba za a rasa kuɗin haya ba. Kada ya karɓi na 'yan'uwa daga gida da alkawarin riba.

Game da adashi da asusun gini, amsarmu a'a ce, kuma mun gaya wa baba dattijo haka a gabansa kafin mu faɗa a nan. Baikon da gwauruwa ta sa don gini, don gini ta sa shi. Ba mu da iko mu kai shi inda za a iya riƙe shi shekara biyu, ko a shafe shi da kuskuren wasiƙa guda.

Abu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, gama abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da yawa suna tsammani tun da ikilisiya ba ta biyan harajin tarayya, gininta ma ya kuɓuta. Ba haka ba ne. Yafewar harajin kadara sai an nema a gunduma, a Fulorida kafin 1 ga Maris, a Teksas kafin ƙarshen Afrilu, kuma in an ba da wani sashe haya ga mai shago, ko an sayi fili an bar shi ba a amfani da shi, ana iya ɗora masa haraji. Mu kanmu ya kusa cin mu. Da muka sayi ɗan filin da ke bayan majami'a don ajiye motoci, mun ɗauka yafewar ginin ta rufe shi. Ashe lambarsa dabam ce, takardun haraji kuma suna zuwa tsohon adireshin sakatarenmu da ya ƙaura wata jiha. Shekara biyu ba mu sani ba, sai da wata 'yar'uwa da ke duba jerin gwanjo don kanta ta ga sunan titinmu. Mun biya da tara da ruwa, kuɗin da aka tara don kujeru ne ya tafi.

Saboda haka muna roƙon kowane ma'aji, kafin taronmu na gaba, ya shiga shafin gundumarsa ya nemo kowace lamba da ke da sunan ikilisiya, ya tabbatar da adireshin da ake aika takarda, ya zo mana da kwafi. Shugabannin zumuntar mata da na maza kuma su rubuta sunayen tsofaffinmu da gwauraye masu gidan kansu, a ziyarce su, a tambaye su cikin ladabi ko an biya harajin bana. A Teksas wanda ya kai shekara 65 yana iya neman a jinkirta masa harajin gidan da yake zaune ciki muddin yana ciki, jihohi da dama kuma suna da rangwame ga tsofaffi da naƙasassu, amma sai an cika takarda. Matasanmu da suka iya kwamfuta za su zauna bayan sujada ran Lahadi ta biyu a wata su taya duk mai bukata cikawa. A zo da takardar harajin bara da katin shaida.

Ubangiji ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.